Rufin Ɗakin Inna

Autanmu mai zane ne a birni. Ni kuwa ina ƙauye da Inna, ina noma gonar da ya tsere ya bari. Ranar da na je wurinsa na tarar ana nunin zanensa a wani dogon ɗaki, mutane na takawa a hankali kamar masu dubiya a asibiti.

Sun yi cincirindo gaban wani babban zane. Gidanmu ne a farkon damina: ciyawa ta tsiro shar, 'yan awaki na tsalle, ga ɗakin Inna da rufin ciyawarsa ya lotsa a tsakiya. Gaskiya ya yi kyau, har ya ba ni haushi.

Wata mata mai tabarau ta dafa ƙirji. "Wanda ke kwana a ɗakin nan ba shi da damuwa a duniya."

Wanda bai sha kashi ba ai ba ya jin bari. Ɗakin nan yoyo yake, daidai kan gadon Inna, tari kuma ya ƙi sakinta tun bara. Na sayi kwanon rufi, amma ta ce tunda Baba ya rasu, ba mai taɓa gidan sai da yardar ɗanta namiji. Abin da ya kawo ni ke nan.

Na ja Auta gefe na faɗa masa.

"Kwano?" Ya zaro ido. "Haba Yaya! Rufin nan ai shi ne ran zanen. Ina da wasu da zan zana bana. Ki bari sai kaka."

"Auta, ruwa zai jira ka ne?"

"Ke dai ba ki san darajar abin da kuke da shi ba."

Ya ɗauko ƙaramin zane irin wancan, ya naɗe ya miƙo mini. "Ki kai wa Inna tsaraba. Fentin mai ne, ba ya lalacewa."

Da na koma gida, Inna ta shafa zanen, ta yi ta sa wa Auta albarka, ta ce kwano ya jira yadda ya ce.

Da hadari ya haɗo, na sa tsani na hau, na shimfiɗa zanen kan ramin rufin, na danne da duwatsu. Bai yi ƙarya ba, ruwa bai ratsa shi ba. Sai dai ya yi ƙanƙanta, ta gefensa ruwan ya ci gaba da zuba a kan ƙafafun Inna.