Mita Uku a Bangon Yumma

"Mita nawa kika ce?"

"Uku, Yumma. Uku da ɗan wani abu."

Nana Khadija, wadda 'ya'yanta ke kira Yumma, ta ajiye jabana, butar gahawa, ta dubi 'yarta Zuhura kamar wadda aka yi wa albishir da mutuwa. Shekara guda ke nan da ɗaura auren Zuhura da Haisam, yana can Kanada, ita tana nan unguwar Alsahafa tana ƙirga taurari. Yanzu biza ta fito, jirgi ranar Asabar. Tsautsayi ne ya sa ta karanta wa uwar abin da ta gani a waya: wai a wasu duwatsun yammacin ƙasar dusar ƙanƙarar shekara takan wuce mita goma, a bakin tekun yamma kuwa da kyar take rufe takalmi. Shi kuma Haisam bai tashi zama ko'ina ba sai St. John's, can gabas, cikin garuruwan da suka fi shan ta, mita uku da ɗan wani abu a shekara.

Yumma ta ɗauko sabon tob, dogon mayafin da suka sayo a kasuwar Omdurman, ta auna mita uku da kamu, ta ƙulle wurin, ta sa Zuhura ta hau kujera ta ɗaga shi da sanda a jikin bango. Ƙullin ya wuce kan ƙofa. Ya wuce indararo.

"Wannan ai kabari ne, ya bitti, 'yata. Mu da ruwan dare ɗaya yake rusa mana katanga? Halas, magana ta ƙare. Ban yarda ba."

"Yumma, ba a rana ɗaya take zuba ba, jimillar shekara ce."

"Ke kika gani? Tulu ma da ɗigo yake cika."

Ita ma Zuhura ba ta da tabbas. Ta kira Haisam, shiru. Ta sake kira, shiru. Ta zauna ƙarƙashin rumfa, zufa na bin bayanta. Ta riƙa ganinsa a zuci yana ɗaki, dusar ƙanƙara ta toshe taga, yana buga ƙofa ba mai ji. Ashe so ma yakan zama tsoro zalla?

Sai bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Ga shi a hoto, hula har gira, shebur a hannu, dusar ta kai masa gwiwa.

"Amarya, afuwan, hanya nake haƙa tun asuba."

Yumma ta fizge wayar. "Kai Haisam, tsakaninka da Allah, tana rufe gida?"

Zuhura ta roƙe shi da ido ya yi ƙarya. Bai yi ba.

"Narkewa take yi, Hajiya, wata ta sake zubowa. Amma an taɓa yin shekarar da ta toshe ƙofofi, mutane suka kwana biyu a ciki."

"Kin ji ko!"

Zuhura ba ta ji ba. Leɓensa take kallo, ya tsage har da jini, ga tarin da yake ta dannewa, ga tagar bayansa duhu, ba kowa a ciki da zai ɗora masa ko ruwan shayi. Tsoron bai tafi ba, sai ma ƙaruwa da ya yi. Ta durƙusa, ta riƙe ƙafar uwarta.

"Yumma, ki yafe ni, ki sa mini albarka. In ma rufe mutane take yi, ba zan bari ta rufe shi shi kaɗai ba. Ranar Asabar zan tafi."