Gobara a Filin Gamba

Filin Gamba yana bayan Miri, daga inda gonakin dawa suka ƙare har gindin dutse. Shi kaɗai ya rage a yankin da ba a yayyanka fuloti ba. Magadan mai filin sun so sayarwa, amma mutanen unguwa suka kafa ƙungiya, suka yi ta zarya har magadan suka yarda su dakata, muddin ciyawar tana amfanar jama'a. A nan ake yankan gambar saƙa zana da shucin jinka, a nan fakara da zomo suka samu mafaka.

Da kaka ta yi, shugaban ƙungiyar, Malam Mansir, ya shirya biki don gari ya zo ya ga abin da aka ceto. Aka kafa rumfuna a bakin filin, aka gayyato makaɗa, aka ajiye wa wakilin magada kujera a gaba.

Dorcas, malamar zane a wata makaranta a Fadaman Mada, ta kwashe daminar nan tana zana filin a kan dogayen yadudduka. Ta rataye su a igiya tsakanin ɗorawa biyu, mutane suna wucewa suna nuna tsuntsayen da suka gane. Mahaifiyarta, Matta, tana gefe a kan tabarma tana saƙa faifai a gaban 'yan kallo. Tsohuwa ce, idonta ya fara rauni, amma hannunta bai manta aiki ba. Bayan azahar ciyawarta ta ƙare. Ta ɗauki lauje.

"Mama, ki bari in aika wani," in ji Dorcas.

"Wa ya san irin wadda nake so? Yanzu zan dawo."

Ta shiga. Gambar ta fi tsayin mutum, nan take ta rufe ta.

Baba Ɗanlarai ne ke kan ganga lokacin, mata sun yi da'ira suna waƙar da aka tsara wa filin. Shi ne ya fara ganin shirwa suna shawagi ta gabas. Ya sassauta hannu. Sai ga hayaƙi ya taso, baƙi, mai kauri.

"Wuta! Wuta a fili!"

Daga baya aka ce masu farautar gafiya ne suka cinna ta bayan dutse. A lokacin ba wanda ya tambaya. Iska tana kaɗowa daga gabas, busasshiyar ciyawa tana ƙara kamar ana fasa masara. Maza suka yi kan bishiyoyin darbejiya suna karyar ɗanyun rassa. Malam Mansir yana ta kiran 'yan kwana-kwana, waya a kunne, yana nuna wa mutane inda za su tare. Ruwan da ke wajen duka jarkokin sha ne da wani baho na mai sayar da zoɓo.

Dorcas ta tsaya a inda mahaifiyarta ta shiga.

"Mama! Mama!"

Ba amsa. Ta ruga ta kama rigar Malam Mansir.

"Malam, mamata tana ciki!"

"Innalillahi! Ta ina ta bi?"

"Ta nan. Ban san inda ta kai ba."

Samari biyu suka kutsa, ba su jima ba suka dawo suna tari, hawaye na zuba. Suka ce ba a ganin ko tafin hannu. Dorcas ta juya ta fizgo yadi mafi girma daga igiya, wanda ta zana garken fakara a kai. Ta cusa shi cikin bahon zoɓon, ta jiƙa shi sharkaf, ta lulluɓa. Mata suka riƙe ta.

"Malama, kada ki kashe kanki!"

"Ku sake ni! Don Allah ku sake ni!"

Baba Ɗanlarai ya matso da gangarsa a kafaɗa.

"'Yata, in kin shiga ba za ki gane hanyar fita ba. Zan tsaya nan in yi ta kaɗawa. Duk inda kika kai, ki bi ƙarar ganga."

Ta shiga. Zafi ya doki fuskarta. Ciyawa na yankar ƙafafunta, hayaƙi ya cika mata ƙirji, ta durƙusa tana rarrafe tana kira. Wani zomo ya wuce ta gabanta bayansa na ci da wuta. Muryarta ta dushe, kiran ya koma kamar nishi. Ta yi dama, ta koma hagu, ta rasa gabas ta rasa yamma. Ta roƙi Allah da duk kalmar da ta zo bakinta. Ta ce ya ɗauki filin, ya ɗauki komai, ya bar mata tsohuwar nan.

Hannunta ya taɓa lauje. Gaba kaɗan ta sami Matta a kife, gefen zaninta yana ci. Ta kashe wutar da tafin hannunta, ta ja jiƙaƙƙen yadin ta rufe su duka biyu.

"Mama, tashi. Ni ce."

"Na ji gangar," in ji Matta da ƙyar. "Ita nake bi, ƙafar ce ta ƙi."

Dorcas ta goya ta. Ta tsaya ta kasa kunne. Rurin wuta ya danne komai, sai can a bayanta ta hagu ta jiyo bugun, ba na rawa ba, bugu ɗaya-ɗaya mai nauyi. Ta nufe shi. Ta faɗi, ta tashi. Bugun yana ƙaruwa, ashe sauran makaɗan sun zo sun tsaya kusa da tsohon, masu kalangu da masu kotso, kowa yana dukan nasa. A haka ta fito. Mutane suka ɗauke Matta daga bayanta.

Sauran yadudduka kuwa matasa sun riga sun kwashe, sun jiƙa suna dukan wuta da su. Ba yadin da ya tsira. Motar kashe gobara ta iso bayan la'asar, ta tarar an tare wutar a bakin kwari. Duk ɓangaren gabas ya zama toka.

Ana saka Matta a keke mai ƙafa uku, Dorcas ta hango wakilin magada tsaye a bakin ƙonannen wurin yana magana a waya. Malam Mansir yana bayansa, hularsa a hannu, fuska duk baƙi, yana cewa, "Alhaji, za ta sake tsirowa. Wallahi da ruwan farko za ta tsiro. Ka ba mu damina ɗaya."

Alhajin bai juyo ba.

Matta ta yi makonni a asibiti. Ta warke, amma ba ta ƙara tafiya ba sai da sanda. Hannayen Dorcas sun daɗe a naɗe, ta kai ƙarshen zangon karatu ba ta iya riƙe alli ba. Kafin ruwa ya sauka, magada suka sayar da ɓangaren da ya ƙone, aka kafa duwatsun iyaka a cikin tokar. Ɓangaren yamma suka ce za su yi shawara. Malam Mansir ya koma zaryar gidansu, duk ranar Asabar, kuma Dorcas ta fara raka shi.