Kan Mai Ƙaho Uku

A garin da babba da yaro suka yarda da macijiyar Kusugu ba tare da wani ya taɓa ganin ko guntun ƙashinta ba, dabbar da aka tono ƙasusuwanta aka jera ita ce ta zama abin tuhuma. Malama Kulu ta faɗi haka a ɗakin malamai, ba wanda ya yi dariya.

Dabbar tana kan teburinta a aji biyar, ta gasasshen yumɓu ce, tsawonta bai fi kamu ɗaya ba. Ƙaho biyu a goshi, ɗan guntu a hanci, baki irin na aku, bayan kai kuma wani ƙashi a baje kamar faifai. Ɗanta Nasrullahi ne ya gina ta. Tun yana ƙarami gwanin shanun laka ne. Da ya girma ya bi ta Kongolam ya shiga Nijar, ya samu tuƙa motar wasu masu tonon ƙasusuwan dabbobin zamanin da, a hamadar bayan Agadas. A zuwansa na ƙarshe ya taho da hoton wannan dabba, ya ce irinta ba a Nijar ake samu ba, ta can Amurka ce, amma ita ta fi kwanta masa a rai. Ya zauna a tsakar gida yana murza yumɓu, ya kai wa maginan tukwane suka gasa masa tare da tulunansu, ya miƙa mata ya ce ta kai wa yaranta na makaranta. Ya koma, aikin tonon ya ƙare, aka ce an gan shi ya hau motar Libiya. Tun daga nan ba saƙo, ba gawa. Dangi suka ce a yi masa sadaka, ta ce ita ba ta ga kabari ba.

Da dabbar take koyarwa. Ta ce musu dinoso ce, ta kai giwa girma ko ta fi, ganye take ci, kuma irinta sun ƙare tun ba a yi mutum ba. Yara suka sa mata Mai Ƙaho Uku. Wani ya tambaya ko ta isa layya, wata ta ce wane Bafulatani ne ya iya kiwonta.

Bayan an ƙaddamar da Shari'a, hedimasta ya same ta a aji da tashi. Malam Maharazu ne, wanda ita ta koya masa riƙon fensir, don haka sai da ya rusuna ya gaishe ta kafin ya shiga magana. Iyaye sun kawo ƙorafi, wai ana nuna wa yara gunki. Ya tambayi malaman addini, sun ce siffar abu mai rai, in tana da inuwa, ba a ajiye ta sai an cire kai. Ko dai ta mayar da ita gida, ko a yi hakan.

"Ba fasa ta za a yi ba, Malama. Kan kawai."

"Kan kawai? Maharazu, in ka cire wa wannan kai, abin da zai rage alade ne mai jela. Shi za ka nuna wa iyayen?"

Ya danne dariya. Ta kawo masa zancen 'yar tsana da shanun laka, waɗanda kakanninsu suka yi wasa da su ba wanda ya kira su arna. Ya ce ya sani, amma shi hedimasta ne, ba mai fatawa ba.

Ta so ta kai ta gida. Sai ta hango ta a kabad tsakanin kwanukan da ba a ci da su, baƙi suna kallo suna cewa Allah ya ji ƙan wanda ya gina ta. A aji kuwa saƙo ce da mai rai ya aiko, tana kan aikin da ya aiko ta yi.

Ta aro zarto wurin kafinta. Bayan la'asar ta kwantar da dabbar a kan cinyarta, ta kama kanta tana bisimilla kamar mai yanka. Garin yumɓu ya riƙa zuba a zanenta, ja-ja. A tsakiyar wuya zarton ya ci karo da ƙarfe: ashe ƙusa Nasrullahi ya sa don kan ya tsaya. Bai taɓa gaya mata ba. Ta daɗe tana kallon ƙusar, tana tunanin abubuwa nawa ne yaron ya iya da ba ta sani ba. Wajen zare kan, ƙahon hanci ya ɓalle. Ta kwashe su biyun ta zagaya bayan aji, ta binne su cikin yashi, kan daban, ƙahon daban.

Da safe ta ce kowa ya zo da cokali da tsinken tsintsiya. Da suka kawo, ta shata fili, ta koya musu yadda Nasrullahi ya ce ana yi: ba a haƙa kamar ramin ɓera, sharewa ake yi, a hura, a sake sharewa. Ai dabbar ma ba a taɓa samunta a tsaye ba, ta ce, gutsure-gutsure ake tsintar ta. Da tsinin ƙahon goshi ya leƙo, ajin ya ɗauki ihu. Ta sa suka duba bakin, suka faɗa da kansu cewa wannan na tsinkar ganye ne. Malam Maharazu ya leƙo ta taga, ya ga kai a ƙasa, gangar jiki a tebur, ya wuce.

Zubaida, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗago da yashi a haɓarta.

"Malama, duk abin da yashi ya binne ana samunsa?"

Amsar da ake ba yara ta zo mata har baki. Ba ta taɓa yi musu ƙarya ba.

"A'a, 'yata. Kaɗan ake samu. Mafi yawa suna can."

Saura ƙahon hanci. Yara sun tattake wurin, ita kanta ta rasa inda ta sa shi. Aka buga ƙararrawar tara, suka watse wajen mai ƙosai. Malama Kulu ta tattare zanenta, ta durƙusa, ta ɗauki cokalin da Zubaida ta yar, ta ci gaba da share yashin a hankali.