Umarar Sidati

Shekarata ashirin da shida ina tura keken alhazai a Harami, kuma duk wanda ya san ni zai gaya maka ƙafafuna sun fi bakina hankali. Matata Rabi'atu ta sha cewa wata rana bakin nan zai ja min abin da ya fi ƙarfina. To, ya ja, a watan Rajab da ya wuce, a kan wata tsohuwa mai suna Salka.

'Yarta Sukaina ce ta ɗauke ni aikin, doguwar mace wadda ba ta murmushi ko da kuskure. Ta ce uwarta ba ta iya doguwar tafiya, suna neman mai tura ta na kwana takwas. Da na ga lulluɓinsu, ƙyalle ɗaya dogo da ake naɗe jiki da shi tun daga kai har ƙafa, sai na tambaya ko 'yan Muritaniya ne. Ta ce su Sahrawi ne, daga birnin El-Ayun. Na saci kallon katin da ke wuyanta, na ga an rubuta Maroko. Ta lura da inda idona ya je, ta juya katin ya fuskanci ƙirjinta. Ni da aka haifa a unguwar Nakkasa a nan Makka, jikan Bakatsinen da ya zo ta Sudan da ƙafa, na san yadda takarda take kiran mutum da sunan da bai zaɓa ba, don haka na kama keken muka tafi.

Umararsu ta farko ta tafi lafiya lau. A rana ta uku Hajja Salka ta ce washegari in kai ta Tan'im, masallacin da ke bakin iyakar Harami, inda masu son ƙara umara suke zuwa su ɗaura sabuwar niyya. Yawancin waɗanda nake kaiwa can iyayensu da suka rasu suke yi wa. Na tambaye ta wa za ta yi wa, ta ce ɗanta Sidati.

“Allah ya jiƙansa,” na ce.

Mu 'yan Makka haka muke. Kusan bayan kowace salla sai an kira sallar gawa, kalmar ta zauna mana a baki kamar sallama. Amma tsohuwar nan da ko kofin ruwa take ɗagawa da ƙyar, sai ta damƙe tayar keken da hannunta, muka tsaya cak a tsakiyar mutane.

“Wa ya gaya maka ya mutu?” ta ce. “Ka ga gawarsa?”

Sukaina ta ture hannuna daga keken, ta tura uwarta da kanta har masauki. Ni kuwa na bi su a baya hannu rabbana, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da safe na sayi dabino na je ba da haƙuri. Ba su kore ni ba. Sukaina ta dafa shayinsu mai kumfa, ta ba ni labarin a tsaye, kamar wadda ta saba bayar da shi a ofisoshi. Shekara hamsin ke nan da Turawan Sifen suka bar ƙasar Sahrawi, Maroko ta shigo, aka yi yaƙi. Rabin danginsu har yau suna sansanoni a hamadar Aljeriya, tsakaninsu da gida akwai doguwar ganuwar yashi da aka binne nakiyoyi a gefenta. An yi musu alkawarin ƙuri'ar da za su zaɓi makomarsu, waɗanda aka yi wa alkawarin sun tsufa, da yawa sun mutu.

Sidati mai faci ne, yana da shekara ashirin da uku. Ya ɗaga tutar Sahrawi a wata zanga-zanga, bayan kwana uku wasu mutane cikin mota marar lamba suka zo shagonsa da rana tsaka suka tafi da shi. Shekara ashirin da ɗaya ke nan. Babu ofishin da uwar ba ta shiga ba. Daga baya aka miƙo mata takarda, wai ya nitse a teku yana ƙoƙarin tsallakawa Turai, ta sa hannu a ba ta shaidar mutuwa. Ta ƙi, don yaron ko bakin teku ba ya zuwa saboda tsoron ruwa. Sukaina takan fita titi da sauran mata riƙe da hotonsa, dukan da ta sha a can ne ya sa yatsu biyu na hannunta na hagu ba sa lanƙwasuwa. Sun ƙi tashi daga tsohon gidansu, kuma duk shekara sai sun sake wa ƙofar fenti shuɗi irin na da, don kada ya dawo ya kasa gane ta.

Na tambayi Hajja me ya sa take son yi masa umara in dai yana raye. Ta ce tun ranar da aka ɗauke shi ba ta ba shi ko ruwan sha ba, tana so ta ba shi wani abu. Ita a zatonta ana yi wa kowa.

Na san ba haka ba ne, amma na fara tsoron bakina, sai na je wurin maƙwabcinmu Malam Awwalu, wanda ya yi karatu mai zurfi. Ya ce umarar badal, wato wadda ake yi a madadin wani, ta mamaci ce, ko wanda tsufa ko ciwon da ba a sa ran warkewarsa ya kayar. Wanda ya ɓata kuwa rayayye ne har sai alƙali ya yanke hukunci. Raina ya ɓaci, na ce wane alƙali, na mutanen da suka miƙo mata waccan takarda?

“Ya Mukhtaru, wallahi ba ni na rubuta hukuncin ba,” ya ce. “Ta yi masa addu'a, ta yi sadaka. Idan kuma ita a zuciyarta ta sakankance ya rasu, khalas, shi ke nan, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne.”

Na kai musu amsar yadda na ji ta. A karon farko na ga fuskar Sukaina ta saki. Ta ce wa uwarta ta ji ko, ko a Makka ma an ce yana raye. Daga nan aka bar maganar Tan'im.

Mai tura keke yana sanin nauyin mutum fiye da likitansa. Tsohuwar nan ba ta fi buhun gawayi ba, kuma na lura abincinta ƙwayar dabino biyu ne da magunguna. Wata rana bayan la'asar, Sukaina ta je ɗebo zamzam, aka wuce da gawarwaki a kafaɗun mutane. Hajja ta bi su da ido har suka ɓace. Ta ce tana jin kishin iyayen waɗannan, don sun sami gawar da za su binne. Sannan ta gaya min likita ya ga wani abu a cikinta, ba za ta ƙara ganin Makka ba. Tausayinta ya kama ni.

Ranar da ya rage musu kwana ɗaya, Sukaina ta bi motar ayarinsu da safe zuwa ziyarar Arfa da Mina. Ina isa masauki na tarar da Hajja a shirye a bakin ƙofa, ta ce in kai ta Tan'im. Na tuna mata abin da malam ya ce. Ta ce ta ji, har ƙarshensa.

Muka hau motar haya da wasu alhazai. A Tan'im wata mata ta taimaka ta shigar da ita ɓangaren mata, ta yi raka'a biyu, aka fito min da ita. Na ajiye ta a inuwa. Ayari bayan ayari suna ɗaura niyya suna wucewa, ita tana zaune hannuwanta a cinya, har kusan awa guda. Na ce mata in ba za ta iya ba mu koma, babu wanda ya tilasta ta.

“Ɗana, ni ba yarinya ba ce,” ta ce. “Babu mai ɓoye mutum shekara ashirin da ɗaya yana ciyar da shi. Na daɗe da sani. Takardarsu ba zan sa mata hannu ba har in mutu. Amma in na tafi ban yi masa ba, Sukaina ba za ta taɓa yi ba.”

Sai ta ɗaga kai ta faɗi niyyar, ta amsa kiran Allah da umara a madadin ɗanta Sidati. Muryarta ba ta yi rawa ba. 

Na yi ɗawafi da ita sau bakwai, muka shiga Safa da Marwa. Ban taɓa tura keke marar nauyi ya gajiyar da ni kamar na ranar ba. A zagaye na biyar ta ce Nana Hajara sau bakwai kawai ta yi gudun nan saboda ɗanta aka amsa mata. Nan take ta yi istigfari, ta ci gaba da yi har muka kai Marwa. Wata 'yar Indonesiya ta ara mata almakashi, ta sa hannu cikin lulluɓinta ta yanke ɗan gashi, umara ta cika.

Ta sa na rantse ba zan gaya wa Sukaina ba. In ta tambaya, in ce don kanta ta ƙara yi. Ta ce yarinyar ba ta da aure, ba ta da aiki, ba ta da komai sai wannan hoton, in aka karɓe shi ba ta san me zai rage mata ba. Na rantse, ni da ban taɓa riƙe sirri ya kwana ba.

Sannan ta ce in zagayo gabanta. Na zagayo na durƙusa.

“Abin da ka faɗa rannan,” ta ce. “Faɗa yanzu. Ba wanda ya taɓa faɗa masa na amsa.”

Kalma uku ce, na faɗe ta sau dubu nawa a rayuwata, wani lokaci ma ina tauna abinci. Na buɗe baki ta ƙi fitowa. Ta jira ni, ba ta ɗauke idonta daga kaina ba, mutane suna ratsa mu hagu da dama.

“Allah ya jiƙansa,” na ce.

“Amin.”

Ta daɗe idonta a rufe. Daga nan ta goge fuskarta da gefen lulluɓi, ta gyara zama, ta ce in yi sauri kada Sukaina ta riga mu isa masauki ta ga idanunta. Ta ce kuma suna da aiki in sun koma gida, fentin ƙofa ya fara ɓarewa.