Aksil ɗin da Ya Zama Turke

Masarar Andrawus tana jibge a gona bayan Kakangi, kuma 'yan sa-kai sun ce ranar Laraba kaɗai za su raka manoma. Abin da ba a kwaso ba a ranar, an bar wa mutanen daji. Hanyar kuwa laka ce, babu mai ratsa ta sai tsohuwar motar maƙwabcinsa Abarshi, wadda ƙafafunta huɗu duk suna ja.

Sai dai tun da aka sake mata aksil na baya, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyi, motar ta canja hali. Da zarar an sa giyar ƙafa huɗu sai ta turje, tayoyin suna kartar ƙasa. Abarshi da Andrawus suka kai ta garejin Salmanu bakanike a Birnin Gwari.

"Baba, da me ka gane aksil ɗin nan irin nata ne?" in ji Salmanu.

"Da kara na auna tsohon, na tafi da karan Kaduna," in ji Abarshi. "Bai wuce ba, bai gaza ba."

"Ashe ƙyauren ɗaki ka je saye," in ji Andrawus.

Salmanu ya ɗaga motar, ya yi wa tayoyi da farfela, wato sandar ƙarfen da ke juya su, alama da alli, ya juya na gaba, ya juya na baya. Alamun ba su dawo tare ba.

"Tsawo ɗaya, amma haƙoran ciki sun bambanta. Baya yana sauri, gaba yana jan ƙafa, kamar shanun huɗa da ba su saba ba. Ina tsohon?"

"Ya lanƙwashe, na bayar."

"Jikinsa ne ya lanƙwashe. Haƙoransa nake so."

Abarshi ya dubi Andrawus. Andrawus ɗin ne ya roƙi ƙarfen, ya kafa a tsakar gida ya zama turken bijiminsa.

Da azahar suka tone shi, Lydia matar Andrawus tana riƙe da igiyar bijimin tana mita. Salmanu ya buɗe, ya tarar haƙoran lafiya lau cikin baƙin mai, ya ɗaura su a sabon aksil.

Ranar Laraba motar ta shiga laka ta fita ba gardama, ta dawo da masarar duka. Andrawus ya mayar da ƙarfen raminsa, ya ɗaure bijimin.