Bangon Tantin Makoki

Wata bakwai Tsedale ta yi tana yawo da takardar nan a jaka, har gefenta ya fara cinyewa. Sa hannu ɗaya ya rage, na Gashe Wondimu, shugaban kwamitin benensu. In ya sa, masu lantarki za su kafa mata wurin cajin tasinta mai aiki da lantarki a bangon hawan ƙasa. In bai sa ba, haka za ta ci gaba da ɓata awa uku kullum a layin caji, sauran masu tasi suna kwashe fasinjan safe.

Ranar Lahadi da aka taso daga coci, ta tare shi a tsakar gida yana shan kofi da tsofaffin benen.

"Gashe, ga ni kuma."

"'Yata, bangon nan na tantin makoki ne. In aka yi rashi, a kan motarki za mu zaunar da baƙi?"

"Da farko kun ce gobara, na kawo injiniya. Kuka ce wutar kowa zan sha, na ce mitata daban. Yau kuma tanti?"

Emama Askale, shugabar matan da ke girkin makoki, ta dire kofinta.

"Faɗa mata gaskiya mana. Rashi uku aka yi bana, hannunki bai taɓa albasa ba. Mu masu ciwon baya mu yanka, ke mai digiri kina cikin motar da ko tari ba ta yi."

Aka kwashe da dariya. Tsedale ta juya ta fuskanci Emama Askale.

"Ina layin caji ne, Emama! Layin da ku kuka jefa ni. Ku hana ni lokaci, sannan ku ce ban zo ba?"

Ba ta jira amsa ba. Ta fizgi makullin ɗakin ajiya daga kan tebur, ta shiga fito da ƙarafan tantin, ɗaya bayan ɗaya, tsatsa tana ɓata mata farar rigar coci. Ramukan kusurwa huɗu suna nan a siminti tun da aka gina benen. Ta kafa kowane ƙarfe a raminsa, ta ja tef ɗin awo daga na ƙarshe zuwa bango.

"Mita uku. Faɗin motata bai kai biyu ba. Wanda bai yarda ba ya taso ya auna."

Ba wanda ya motsa. Gashe Wondimu ya daɗe yana juya hularsa.

"Kwana ukun da tanti zai tsaya, motar ba za ta raɓi wurin ba."

"Na ji."

"Sai albasa," in ji Emama Askale.

"Zan yanka, har in fi ku sauri. Amma kada wani ya ɗauka haƙuri nake bayarwa."

Tsohon ya lalube aljihu ya ce bai fito da biro ba. Ta miƙa masa nata. A kan gwiwarsa ya sa hannu, ko kallonta bai yi ba.

Ta ninke takardar ta cusa a jaka. Sannan ta koma ta cire ƙarafan, ta riƙa saɓa su a kafaɗa tana mayarwa. Maza shida ne a zaune, ba wanda ya ce mata sannu, ita ma ba ta ce wani ya kama mata ba.