Takalma a Ƙofar Kantin Bubayero

Shekarar ƙarin albashin Udoji kuɗi suka hau kan kowa, har Alhaji Bubayero ya rushe tsohuwar rumfarsa ta bakin Kasuwar Gombe, ya gina kanti mai daɓen tarazo. Daɓen nan kana iya gyara zaman hularka a cikinsa. Selina ce ke goge shi da mai kowace safiya, kuma da wannan aikin take riƙe da 'ya'yanta uku.

To, mutanenmu akwai kunya. Duk wanda ya ga ƙyallin nan sai ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, kamar zai shiga masallaci. Kafin azahar takalma sun yi tsibi. Mu kuwa ma'aikata da kwalaye muke shigowa, ba ma ganin gabanmu.

Inuwa ne ya buɗe fage da kwalin sabulu, ya yi targaɗe. Na bi bayansa da gwangwanayen madara, na fasa leɓe, 'yan dako suna tafi. Ranar da Bawa ya kife, mai ɗori cewa ya yi, "Ko in dawo da tabarmata ƙofar kantin nan ne?"

Alhaji ya kira Selina. "Santsin nan aikinki ne. Wani ya ƙara faɗuwa, ki kama gabanki."

"Alhaji, ba mai ba ne, takalma ne."

"Takalmi hannu gare shi?"

Tausayinta ya kama ni ƙwarai, amma wa zai ja da mai kanti?

Ranar Laraba Alhaji ya shigo rungume da sabuwar rediyo, yana taku ɗai-ɗai. Sai ji muka yi tim! Babbar riga ta rufe masa kai, hula ta yi gabas. Selina ta ajiye tsummanta, ta fara neman gyalenta don ta kama gabanta.

Ya miƙe riƙe da wani tsohon takalmin fata. "Wane baƙauye ne ya ajiye wannan a ƙofata?"

Wata 'yar tsohuwa ta leƙo daga bayan buhunan sukari, ƙafarta ba takalmi. Dada ce, mahaifiyarsa, ta zo ganin ginin ɗanta karon farko.

"Ni ce baƙauyiyar. Da ƙura zan taka maka wannan madubi?"

Muka guntse dariya har cikinmu ya ƙulle. Alhaji ya durƙusa, ya goge takalmin da hannun rigarsa. Bai kalli kowa ba ya ce, "Selina, ɗauki tsummanki. Inuwa, ɗingisa ka kira kafinta, a yi wa takalma kantar ajiya a gefe."

Sannan ya koma bakin ƙofa ya tuɓe nasa.